Keke a Kan Tsauni: Tarihin Hawan Duwatsu a Tseren Zagayen Faransa



Gabatarwa

Keke ba baƙo ba ne ga kowa a cikin wannan zaure. A wurinmu abin hawa ne na biyan bukata, wanda manomi ke ɗora wa taki, ɗan kasuwa ya ɗora masa haja, ɗalibi kuma ya kai kansa makaranta a kai. Amma a Turai ta yamma, tun daga ƙarshen ƙarni na 19, keke ya sami wani matsayi na dabam, ya zama abin gasa, har ya zama sana'ar da mutum zai riƙa ya ci da iyalinsa. Mafi girma daga cikin gasannin da ake yi da shi ita ce wadda Faransawa ke kira Tour de France, watau Zagayen Faransa. A zamaninmu ana yin ta ne cikin mako uku, a raba hanyar zango 21, jimillar tafiyar kuwa takan kai kilomita 3,500 ko kusa da haka.

Ba dukkan tarihin wannan tsere zan bi ba, domin lokaci ba zai bari ba. Zan tsaya a kan fanni ɗaya, watau yadda aka yi manyan duwatsu suka shiga cikinsa, da waɗanda suka shigar da su, da dalilinsu na yin haka, da kuma waɗanda abin ya faɗa a kansu. Abin da nake son in nuna shi ne, tun daga farko akwai ɓangare biyu a cikin wannan al'amari: masu shirya wahala su sayar da labarinta, da masu shan wahalar da jikinsu. Tarihin hawan dutse a wannan tsere tarihi ne na ja-in-ja tsakanin waɗannan ɓangarori a kan tambaya guda, wato iyakacin abin da ya halatta a nema daga jikin ɗan Adam don 'yan kallo su ji daɗi.

Asalin Tseren

Jarida ce ta haifi wannan tsere. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙasar Faransa ta rabu biyu a kan shari'ar wani hafsan soja Bayahude mai suna Alfred Dreyfus, wanda aka ɗaure a 1894 bisa ƙagen cewa yana sayar wa Jamus asirin soja. Babbar jaridar wasanni ta lokacin, Le Vélo, editanta Pierre Giffard yana goyon bayan Dreyfus, alhali kuwa wasu manyan masu masana'antu da ke ba ta talla, irin su de Dion mai ƙera motoci, suna ɗaya ɓangaren. Sai suka janye kuɗinsu, suka kafa tasu jaridar a 1900, wadda daga baya aka san ta da suna L'Auto. Suka naɗa Henri Desgrange edita. Shi wannan Desgrange tsohon ɗan tseren keke ne, wanda a 1893 ya yi tafiyar kilomita 35 da 'yan kai cikin sa'a ɗaya, abin da aka rubuta masa a matsayin bajintar duniya.

Sabuwar jarida ba ta yi kasuwa ba. Ana cikin neman mafita sai wani matashin ma'aikacinta, Géo Lefèvre, ya kawo shawarar a shirya tseren da zai kewaye ƙasar baki ɗaya, wanda duk mai son jin yadda ake ciki dole ya sayi jaridar kowace safiya. Aka fara ranar 1 ga Yuli, 1903. Mutum 60 suka tashi, zango 6 ne kacal, amma jimillarsu kilomita 2,428, watau kowane zango ya kai kilomita 400 a kan matsakaici, ana tafiya dare da rana. Mutum 21 suka kai ƙarshe. Wanda ya ci shi ne Maurice Garin, haifaffen Italiya, wanda ya tashi yana sana'ar share bututun hayaƙi na gidaje.

Dabarar ta yi aiki fiye da yadda aka zata. Jaridar da ke sayar da kofe kimanin 25,000 ta koma sayar da 65,000, abokiyar hamayyarta kuwa ta rufe a 1904. Sai dai a wannan shekara ta 1904 tseren ya kusa mutuwa saboda maguɗi, har aka soke sakamakon mutum huɗun farko, ciki har da Garin, aka ba wani yaro ɗan shekara 19, Henri Cornet. Masu shiri suka ga lalle sai an sake fasali. Suka rage tafiyar dare, inda maguɗi ke samun mafaka, sa'an nan suka fara neman wani abin da zai riƙe hankalin masu karatu. A nan ne idonsu ya faɗa kan duwatsu.

Me Ya Sa Dutse?

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu fahimci abin da dutse ke yi wa tseren keke. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gāban mahayi ita ce iska, domin gwargwadon gudunsa gwargwadon yadda take tura shi baya. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan huta da kusan sulusin ƙarfin da na gaba ke kashewa. Saboda haka mai rauni yana iya ɓuya a tsakiyar ayari ya iso tare da ƙarfafa. Amma da zarar hanya ta miƙe sama, gudu ya ragu, iska ta daina zama abin damuwa, sai nauyin mutum da na kekensa su zama su ne kaya, kowa kuma nasa zai ɗauka. Hanyar da ke tashi mita 7 a cikin kowane mita 100, in ta yi kilomita 17 a haka, ba ta barin kowa ya fake da wani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ayarin da ya yi kwanaki a dunƙule sai ya tsinke, a ga wane ne wane. Wannan shi ne abin da mai jarida ke bukata, domin labari ba ya daɗi sai an sami gwani da wanda aka kayar.

Hanyar da ke ƙetare tsauni takan bi ta inda ya ɗan rusuna tsakanin ƙololuwa biyu. Faransawa suna kiran irin wannan wuri col, kalmar da asalinta ke nufin wuya, don haka mu ma za mu ce wuyan dutse. A 1905 aka kai tseren wuyan Ballon d'Alsace, mai tsayin mita 1,178, wanda a lokacin yake bakin iyaka da yankin Alsace da Jamus ta ƙwace bayan yaƙin 1870 zuwa 1871. René Pottier ne ya fara kai wa sama. Jama'a suka yi ta mamaki, jarida ta ƙara kasuwa. Da aka ɗanɗana aka ji zaƙi, sai aka soma hangen manyan tsaunukan kudu, watau Pyrenees, waɗanda suka raba Faransa da Sifen.

Ranar 21 ga Yuli, 1910

Wanda ya matsa a kai tseren Pyrenees shi ne Alphonse Steinès, mai tsara wa jaridar hanya. Desgrange ya yi ɗari-ɗari, sai ya tura shi ya gano da idonsa. Hanyoyin wurin a lokacin turbobi ne na makiyaya da masu jan katako, ba kwalta, sai tsakuwa da ramuka. Steinès ya ɗauki mota ya nufi wuyan Tourmalet, dusar ƙanƙara ta tare su kafin su kai sama, direba ya juya, shi kuwa ya ci gaba da ƙafa. Dare ya same shi, ya ɓata, ya faɗa cikin rafi, sai can wajen ƙarfe 3 na dare masu nemansa suka tsince shi kusa da garin Barèges, sanyi ya kusa kashe shi. Da gari ya waye ya buga wa maigidansa waya cewa ya ƙetare Tourmalet, hanya tana da kyau ƙwarai, za ta biyu. A kan wannan shaida aka sa Tourmalet cikin tsarin tseren.

Zango na 10 na tseren 1910 ya tashi daga Luchon zuwa Bayonne, kilomita 326, kamar a ce daga Kano zuwa Zariya a komo. A tsakani akwai wuyan dutse huɗu manya a jere: Peyresourde mai mita 1,569, da Aspin mai mita 1,489, da Tourmalet mai mita 2,115, da Aubisque mai mita 1,709. Domin a gane wannan tsayi, duwatsun Shere da ke kusa da Jos, waɗanda su ne ƙololuwar wannan tudu, ba su kai Tourmalet ba. Kekunan lokacin na ƙarfe ne masu nauyi, ba su da na'urar sauya giya. Abin da mahayi ke iya yi kawai shi ne ya sauka a gindin dutse, ya kwance ƙafar baya, ya juya ta ɗaya gefen inda akwai wani haƙori mai sauƙin tuƙi, ya ɗaure, ya hau.

An sallame su ƙarfe 3 da rabi na dare. Octave Lapize ne ya fara ƙetare Tourmalet, amma da ƙafa ya ƙarasa, yana tura kekensa. Gustave Garrigou ya hau har sama bai sa ƙafa ƙasa ba, aka ba shi tukwicin faran 100. A kan Aubisque wakilan jarida suna zaune suna duba agogo, lokaci ya wuce ba su ga kowa ba, har suka soma tsoron ko an yi asarar rayuka. Can sai ga wani da ba a sa shi a lissafi ba, François Lafourcade, ya wuce su bai ce uffan ba. Bayansa sai ga Lapize, ido ya faɗa, ƙafa na rawa. Da ya zo daidai da su ya dube su ya kira su masu kisan kai. Desgrange ba ya wurin da zai ji, domin bai zo Pyrenees ba a wannan rana, mataimakinsa Victor Breyer ne ya sha zagin. Duk da haka Lapize bai janye ba. Ya ci zangon bayan sa'a 14 da minti 10 a kan hanya, ya kuma ci tseren shekarar baki ɗaya. Daga cikin mutum 110 da suka tashi daga Faris, 41 ne suka komo. A wannan shekara ce aka fara sa wata mota a bayan ayari tana kwashe waɗanda suka gaza, aka yi mata laƙabi da motar tsintsiya.

Abin lura a nan shi ne, zagin da Lapize ya yi bai cuci jaridar da kome ba, hasali ma ya zama talla. Shekara na kewayowa, a 1911, aka kai tseren tsaunukan Alps, aka hau Galibier, wanda ya fi Tourmalet tsayi da mita ɗaruruwa. Su kuwa gwanayen wannan zamani ba su daɗe ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci uku daga cikin waɗanda suka taɓa cin tseren: François Faber a 1915, Lapize da Lucien Petit-Breton a 1917.

Maƙerar Sainte-Marie-de-Campan

Desgrange yana da aƙida, ba neman kuɗi kaɗai ya sa shi gaba ba. A ganinsa tseren makaranta ce ta juriya, kuma dole kowane mahayi ya tsaya da ƙafarsa, kada kowa ya taimake shi. Doka ta hana sauya keke, ta kuma hana wani ya sa hannu a gyara. Abin da ya faru a 1913 ya nuna inda wannan doka ke kaiwa.

Eugène Christophe yana cikin waɗanda ake sa ran za su ci tseren wannan shekara. Ya ƙetare Tourmalet yana gangarowa, sai ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da ƙafar gaba ya karye. Ya saɓa keke a kafaɗa, ya yi tafiyar kimanin kilomita 10 a ƙasa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya nemi maƙera. Da ma ya koyi aikin ƙarfe yana yaro. Maƙerin yana tsaye yana ba shi shawara da baki, alƙalan tsere suna tsaye suna kallo, shi kuwa ya hura wuta, ya riƙe awartaki da hannu ɗaya, masaba da ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san mutum ɗaya ba ya ƙira kuma ya yi zuga a lokaci guda. Sai ya roƙi wani yaro ya ja masa zugazugi. Bayan sa'o'in da ya ɓata, da ya gama, alƙalai suka ƙara masa tarar minti 10 saboda taimakon yaron, ko da yake daga baya an rage ta. Ya hau kekensa ya ƙetare sauran duwatsu biyu, ya gama tseren a matsayi na 7. A 1919 shi ne mutum na farko da aka sa wa rigar nan ruwan ɗorawa da ake ba wanda ke kan gaba, mai launi irin na takardar da ake buga L'Auto a kai. Har ya bar tsere bai taɓa cin Zagayen Faransa ba, amma akwai allon tunawa da shi a bangon wannan maƙera.

Wannan aƙida ce ta sa aka hana gwanayen tseren amfani da na'urar sauya giya, ko da yake masu yawon shan iska a kan keke sun daɗe suna hawan duwatsu da ita. Sai a 1937, bayan Desgrange ya tsufa ya soma sakin ragama, aka halatta ta ga kowa. Watau an yi shekara 27 ana hawan Tourmalet da wahalar da ilmin ƙere-ƙere ya riga ya sami maganinta.

'Yan Sarƙan Hanya

Su wane ne suke yarda da wannan azaba? Galibinsu 'ya'yan talakawa ne. Mun ga Garin mai share bututun hayaƙi. Ottavio Bottecchia na Italiya, wanda ya ci a 1924 da 1925, magini ne. Fausto Coppi, wanda ya ci a 1949 da 1952, yaron mahauci ne mai kai saƙon nama a kan keke. Ga irin waɗannan, dutse ya fi gona da ramin kwal sauƙi, kuma yana da lada. Amma in aka auna ladarsu da ta masu shiri, sai a tuna da karin maganar nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1923 L'Auto tana sayar da kofe rabin miliyan a rana lokacin tseren, a 1930 kuma aka ƙirƙiro ayarin motocin talla da ke wucewa gaban mahaya, kamfanoni suna biya don su shiga.

A 1924 aka sami wanda ya yi magana da babbar murya. Henri Pélissier, wanda ya ci tseren 1923, ya fusata saboda wani alƙali ya ɗaga masa riga don ya ƙirga ko nawa ya sa, domin doka ta ce duk abin da mahayi ya tashi da shi cikin sanyin asuba dole ya iso da shi cikin zafin rana. Ya janye a garin Coutances tare da ƙanensa Francis. Wani ɗan jarida, Albert Londres na jaridar Le Petit Parisien, ya same su a gidan shan gahawa, suka zazzage masa abin da ke aljihunsu: hodar koken, da kulorofom, da ƙwayoyi iri-iri, suka ce da waɗannan suke tafiya. Londres bai daɗe da komowa daga binciken gidajen kurkukun Faransa na Guyana ba, kuma shi ne wanda a 1929 ya wallafa littafi a kan aikin tilas da Faransa ke sa 'yan Afirka a ƙasashen da take mulka. Daga rahotonsa na 1924 aka sami laƙabin da ya bi mahaya har yau, wanda za mu iya fassarawa da 'yan sarƙan hanya. Rahoton bai sa an sassauta ba. Tseren 1926 shi ne mafi tsawo a tarihi, kilomita 5,745.

Ran farko da dutse ya ci ana cikin tsere shi ne na Francisco Cepeda, mutumin Sifen, wanda ya faɗi a gangaren Galibier a 1935. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka rufe L'Auto, jaridar L'Équipe ta gaje ta, tseren ya komo a 1947 a hannun Jacques Goddet. Hanyoyi suka gyaru, zanguna suka gajarta, amma sai aka zo da wata sabuwar dabara a 1952, ta ƙare zango a kan ƙololuwa, yadda ba sauran gangara da wanda aka bari a baya zai kamo. An fara da Alpe d'Huez, hawan kusan kilomita 14 mai lanƙwasa 21, Coppi ya ci. Sa'an nan telebijin ya shigo, ya kai fuskar mai wahala har cikin ɗakin 'yan kallo.

A wannan zamani ƙwayar amfetamin ta zama ruwan dare a cikin ayari. Faransa ta kafa dokar hana ta a wasanni a 1965, amma da aka fara gwajin mahaya a tseren 1966, sai suka sauka daga kekuna suka tura su da ƙafa don nuna rashin yarda. A nan al'amarin ya rikice, domin waɗanda aka yi dokar don kare ransu su ne suka ƙi ta, suna ganin an bar musu kaya an ƙwace musu gammo. Ranar 13 ga Yuli, 1967, cikin zafi mai tsanani, ayari ya hau Ventoux, wani farin dutse tsirara a kudancin Faransa mai tsayin sama da mita 1,900, wanda samansa ba itace ba inuwa. Tom Simpson, Baturen Ingila, zakaran duniya na 1965, ya soma tangaɗi saura kaɗan ya kai sama. Ya faɗi, aka ɗora shi, ya yi 'yar tafiya ya sake faɗuwa, hannunsa na riƙe da kan keke. Bai tashi ba. Shekarunsa 29. Bincike ya nuna amfetamin da barasa a jikinsa.

Daga Ƙwaya Zuwa Jini

Mutuwar Simpson ta sa an tsananta gwaji, sai maguɗi ya sake kama. Wajen 1990 wani magani mai suna EPO ya shigo, wanda likitoci suka yi don masu ƙarancin jini. Aikinsa shi ne ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ke ɗaukar iskar numfashi su kai wa tsoka, abin da mai hawan dutse ya fi bukata ke nan. Haɗarinsa kuwa shi ne yana sa jini ya yi kauri. A 1998 ma'aikatan kwastan suka kama motar ƙungiyar Festina maƙare da shi, aka kori ƙungiyar, daga cikin mahaya 189 da suka fara 96 ne suka gama. Wannan abin kunya ya kai ga kafa hukumar duniya ta yaƙi da irin waɗannan magunguna a 1999. Amma a wannan shekara ce Lance Armstrong na Amurka ya fara jerin nasarorinsa 7, waɗanda aka soke duka a 2012. A littafin tarihin tseren, shekarun 1999 zuwa 2005 ba su da zakara.

Gangara ma tana da nata haɗarin, domin mahaya sukan wuce kilomita 80 a sa'a a kan taya mai kaurin yatsa. Ranar 18 ga Yuli, 1995, Fabio Casartelli na Italiya, zakaran Olamfik na 1992, ya faɗi a gangaren Portet d'Aspet ba hular kwano a kansa, ya rasu yana ɗan shekara 24. Ba a wajabta hular ba sai a 2003, bayan mutuwar Andrei Kivilev a wani tsere dabam. Za a ga kusan kowace doka ta kare rai an rubuta ta ne bayan an binne wani.

Duk da haka an sami ci gaba na gaske. Ranar 26 ga Yuli, 2019, mahaya sun ƙetare wuyan Iseran, mai mita 2,770, suna gangarowa, sai ƙanƙara da zaftarewar laka suka toshe hanya a gabansu. Masu shiri suka tsayar da zangon nan take, suka ɗauki lokacin kowa a kan ƙololuwa, suka haƙura da wasan da miliyoyin mutane ke jiran gani. In aka ajiye wannan rana kusa da wayar da Steinès ya buga a 1910, za a ga nisan tafiyar da aka yi cikin shekara 109.

Mutanen Tudu Daga Nesa

Dutse ya yi wani abin da Desgrange bai hango ba, ya buɗe ƙofa ga mutanen da aka haifa a tuddai masu nisa, waɗanda jikinsu ya saba da ƙarancin iska tun suna yara. Luis Herrera na Kolombiya ya ci zangon Alpe d'Huez a 1984, ɗan ƙasarsu Egan Bernal kuwa shi ne ya karɓi rigar ɗorawa a ranar nan ta Iseran, ya ci tseren 2019.

Afirka ta daɗe da leƙa wannan fage. Ali Neffati na Tunisiya ya shiga tun 1913, a 1950 kuma an sami ƙungiyar Afirka ta Arewa, a lokacin da ƙasashenta ke hannun Faransa. Amma sai a 2015 baƙar fata ɗan Afirka ya sa farar rigar nan mai ɗigon ja, wadda tun 1975 ake ba gwanin hawan dutse. Shi ne Daniel Teklehaimanot na Eritiriya, ya riƙe ta kwana 4. Italiyawa ne suka kai keke ƙasarsu zamanin mulkin mallaka, babban birninta Asmara kuwa yana zaune sama da mita 2,300, watau ya fi Tourmalet tsayi. A 2024 wani ɗan ƙasar, Biniam Girmay, ya ci zango 3, ya kuma tafi da koriyar riga ta gwanin maki. A yammacin Afirka ana yin Zagayen Faso tun 1987, a watan Satumba na 2025 kuma aka yi gasar duniya ta tseren keke a tuddan Kigali, karo na farko a wannan nahiya.

Kammalawa

Mun ga yadda jarida mai neman kasuwa ta kai keke kan tsauni, da yadda talakawa masu neman abinci suka hau, suka mai da wurin fagen bajinta har sunayensu suka rinjayi na waɗanda suka tura su. Mun ga kuma yadda aka ɗauki fiye da shekara 100 ana ja-in-ja kafin a yarda cewa ran mahayi ya fi labarin gobe daraja. Maganar ba ta ƙare ba, domin a watan Yuni na 2023 Gino Mäder, ɗan shekara 26, ya rasu a gangaren Albula a tseren ƙasar Suwizalan. Muddin ana biyan kuɗi don a ga mutum ya kai iyakar ƙarfinsa, za a sami mai son tura iyakar gaba, daga cikin masu shiri ko daga cikin mahaya kansu.

Yanzu da wannan wasa ke kafuwa a Afirka, matasanmu suna hangen abin da mutanen Eritiriya suka samu, wajibi ne masu shirya shi su ɗauko shi tare da dokokinsa, watau hular kwano, da likita a bayan ayari, da gwajin jini, da ikon tsayar da tsere in hanya ta ɓaci. Turawa sun sayi waɗannan dokoki da rayukan Cepeda da Simpson da Casartelli, ba dalilin da zai sa mu sake biyan kuɗin abin da an riga an biya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.